Idan Inji Ya Mutu

Bahaushe yakan ce inji ya mutu, kuma ba ya jin ya yi wani azanci da ya faɗi haka. Mota takan mutu a tsakiyar hanya, janareta yakan mutu da tsakar dare, direba ya kashe mota yanzu, an jima ya tayar da ita. Idan lalacewar ta wuce gyara sai a ce ta zama gawa, a tura ta bayan gareji ana zare mata sassa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sunaye suke fara sauyawa, kowane suna kuwa da hukuncin da yake ɗauke da shi. Abin da aka kira gwanjo yana da sauran rabo, domin mai sayensa yana sa ran ya more shi. Abin da aka kira gwangwan an gama da shi. Ɗan gwangwan ba ya tambayar me wannan ƙarfe yake yi a da, ko wa ya ƙera shi, ko shekara nawa ya yi yana aiki. Sikeli yake ɗora shi, kilo nawa ne, nawa ake sayen kilo yau, shi ke nan. Ƙarfen da aka ɓata kwanaki ana gogewa har ya daidaita, da guntun rodin da aka tsinta a kango, a wurinsa kuɗinsu ɗaya in dai nauyinsu ɗaya.

Ba na ganin laifin ɗan gwangwan. Sana'arsa ce, kuma tana ciyar da gidaje masu yawa daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saurin tsallake sunan gwanjo mu faɗa na gwangwan, musamman a kan manyan injunan masana'antun da suka rufe.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san abin da nake nufi. A can ne gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardauna, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila aka kafa masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, sai Arewa Textiles da aka kafa tare da Japanawa, inda Adams Oshiomhole ya fara aiki kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi can take ƙarewa. Dare da rana injuna ba sa hutawa, wasu ma'aikata na fita wasu na shiga, kekuna cike da hanya. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ake sayowa daga waje suka yi tsadar da ba a iya kaiwa. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya yi wuya, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwanni, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. A Kano ma, duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Chalawa zai ga ƙofofi a garƙame, ciyawa ta fito a tsakar ma'aikata. Injunan da ke cikin irin waɗannan wurare, wasu suna nan suna tsatsa, wasu an yi gwanjonsu, da yawa kuma an farfasa su an loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo, sun dawo mana a matsayin rodin gini.

To amma me ya mutu a jikin injin saƙa? Kowane inji kashi biyu ne. Akwai abin da aka yi domin ya motsa: mota mai juya shi, bel, giya, ƙoshiya mai kai da kawowa. Akwai kuma abin da aka yi domin kada ya motsa ko kaɗan, wato gangar jikin da ke riƙe da sauran duka. Taɓarya ce take hawa da sauka, amma da turmi zai riƙa gocewa da babu dakan da zai yiwu. Idan muka ce inji ya mutu, motsin muke nufi. Gangar jikin kuwa tun ranar da aka kafa ta aikinta tsayuwa ne, kuma har yau tana tsaye. Ita ba abin da ya same ta. Mun haɗa ta da abin da ya mutu ne kawai saboda suna ɗaya muke kiransu da shi.

Tsayuwar nan ita ce abin da kafinta yake nema ruwa a jallo. Mutane sukan ɗauka teburin kafinta wurin ajiye kaya ne. Alhali shi ne babban kayan aikinsa, ya fi zarto, ya fi guduma. Duk ƙarfin da kafinta ya sa wajen goge fuskar katako, idan teburin yana rawa, rabinsa a rawar yake tafiya, bakin ƙarfen gugan ya riƙa tsalle yana barin tabo. Duk bugun da ya yi wa kurfi, idan teburin yana lanƙwasa, bugun ba ya shiga katako yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga yaran kafinta a bakin titi, ɗaya ya hau kan falanki ya danne shi da gwiwa, ɗaya ya tokare teburin da ƙafa, na uku yana yanka. Mutum biyu ke nan suna aikin da nauyi kaɗai zai iya yi.

Masassaƙin gargajiya bai taɓa bukatar tebur ba, kuma dalilin yana cikin irin aikinsa. Shi gungume guda yake ɗauka, ya zauna a ƙasa, ya riƙe shi da ƙafafunsa, ya sa gizago ya yi ta ragewa har turmi ko akushi ko kujerar tsakar gida ta fito daga ciki. Ƙasa ce teburinsa, ba ta kuwa motsi. Kafinta haɗawa yake yi. Katako huɗu ko goma zai sa su zama ƙofa ɗaya, kuma haɗi ba ya kyau sai kowane gefe ya miƙe, kowace kusurwa ta daidaita. Ƙofar da aka haɗa a kan karkataccen tebur da karkatarta take tashi, sai an je kafa ta a gini a ga ta ƙi rufuwa.

Akwai wani dattijon kafinta da na sani a Kaduna, wanda ya bar shagon kasuwa ya koma aiki a rumfar ƙofar gidansa. Teburinsa bango biyu ne na tsohon injin saƙa, waɗanda ya saya a hannun wani dillali da ya yi gwanjon kayan wata masaƙa da ta rufe. Ya ce ranar da ya je, yaran dillalin sun riga sun ɗaga babbar guduma.

Ya ce da dillalin, "Alhaji, don Allah a dakata da wannan."

"Baba, me za ka yi da shi? Ai babu komai a jiki, mun cire mota, mun cire giya."

"Abin da ya rage ɗin nake so."

Ya biya kuɗin kilo, ya ƙara wani abu a kai, aka ɗauko masa a motar a-kori-kura, majiya ƙarfi suka sauke da ƙyar. Bangayen suna nan yadda aka zuba su, da ramukan da sandunan injin suke shiga a da, da lambobin da suka fito a jikin ƙarfen tun daga wurin zubi. Ya haɗa su da sandunan ƙarfe biyu a ƙasa, ya shimfiɗa falankan maɗaci masu kaurin inci 3 a sama, ya ɗaura bayis a gefen hagu. Tsayin teburin daidai wuyan hannunsa idan ya tsaya ya saki hannu. Na ga ya ajiye kofin shayi a ƙarshen teburin yana goge wani katako a ɗaya ƙarshen, shayin ko girgiza bai yi ba.

Ƙarfen da ake yin irin wannan gangar jiki da shi ƙarfen zubi ne, wanda ake narkawa a kwarara cikin ƙirar yashi. Ya bambanta da ƙarfen rodi da na ƙofa da masu walda suka saba da shi. Yana da sinadarin kabon da yawa, wajen kashi 3 cikin 100, kuma kabon ɗin yana zaune a cikinsa ɓarɓashi-ɓarɓashi, irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. Waɗannan ɓarɓashi su ke shanye girgiza. Shi ya sa idan ka buga ƙarfen rodi da guduma za ka ji ya yi ƙara mai tsawo, na zubi kuwa sai ya amsa a taƙaice ya yi shiru. Masu ƙera injuna saboda wannan hali suka zaɓe shi, don injin da ke bugawa sau ɗari da wani abu a minti ɗaya kada ya wargaza kansa. Ga nauyi: ya fi ruwa sau 7. Tsofaffin ma'aikatun zubi har sukan bar abin da suka zuba a fili wata da watanni, rana ta duka, ruwa ya duka, don ya gama ɗan motsin da zai yi kafin a goge shi. Wanda ya shekara hamsin yana aiki kuwa ya daɗe da gama nasa. Wannan abu ne da kuɗi ba sa sayensa sabo a kasuwa, kuma shi ne abu na farko da wutar narka take cinyewa.

Yana da halinsa da dole a bi. Ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, shi ya sa guduma ɗaya take raba shi biyu. Ba ya son walda irin ta yau da kullum. Idan mai walda ya sa masa wuta da sandar da ya saba, wurin zai yi tauri ya tsage yana hucewa, sai dai a fara ɗumama shi, a yi amfani da sanda mai sinadarin nikel, a bar shi ya huce a hankali. Dattijon nan bai bari an kusance shi da wuta ba. Hudawa ya yi ya ɗaure da noti. Ya nuna mini garin da ya fito wajen hudar, baƙi, mai laushi, yana shafa hannu.

Ya ce, "Ka gani, Malam? Na rodi murɗaɗɗen zare yake fitarwa. Wannan gari yake yi. Da haka ake gane shi."

Abin da ya fi burge ni shi ne ramukan da ya yi wa katakon sama. Bai yi su daidai kaurin ƙusar noti ba, sai ya ja su suka ɗan yi tsawo. Dalili kuwa, katako ko ya bushe yana shan danshi yana fitarwa. Da damina yakan kumbura ta faɗinsa, da hunturu ya tsuke, a ƙasarmu kuma tazarar da ke tsakanin danshin Agusta da bushewar Janairu babba ce. Ƙarfe ba ruwansa da wannan. Idan aka ɗaure su tamau babu wurin numfashi, hunturu ɗaya ya isa ya tsaga falankin. Sai an bar wa katako hanyar da zai yi tafiyarsa a kan ƙarfen da ba ya tafiya. Wani zai tambaya, me ya hana a bar saman ma ya zama ƙarfe? Saboda kaifi ne. Bakin kurfi ko haƙorin zarto idan ya zame ya sami katako babu abin da zai same shi, idan ya sami ƙarfe ya dakushe ko ya ɓalle.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 maƙera suka gane cewa guntun dogo yana yin uwar maƙera. Sifirin ɗin tsohuwar mota yakan koma gatari da adda da wuƙa. Ganga takan koma ƙyaure da murhu da kaskon suya. A kasuwar Katako ta Yamai ana narka tarkacen alminiyam a zuba tukwane. Ƙafar keken ɗinki, ta Singer ko ta Butterfly, idan kan ya lalace takan koma teburin mai shayi, ko a ɗaura mata dutsen wasa wuƙa ana taka ta yadda tela yake yi. Abin da ya bambanta shi ne girma. Shi sifirin, mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya kai maƙera. Bangon injin saƙa sai da mota da majiya ƙarfi, kuma kafin mai bukatarsa ya ji labari an riga an fasa shi don ya shiga tirela.

A Turai da Amurka ma ana neman ƙafafun tsofaffin injuna, amma mafi yawa don ado. Akan wanke su, a shafa musu mai su yi ƙyalli, a ɗora gilashi ko gogaggen katako a kai, a ajiye a falo ko gidan shan gahawa, a sayar da tsada saboda kamannin tsufa. Ba na ƙin wannan, ko ba komai ya tsirar da ƙarfen daga wuta. Sai dai abin da aka saya a can labarin ƙarfen ne, nauyinsa kuma ya zama wahala ga mai shara. Na fi ganin girman teburin kafinta, domin shi ainihin abin da aka zuba ƙarfen dominsa yake amfani da shi. Bugu yake sha yana shanyewa, yadda ya saba tun yana masaƙa.

Duk da haka ba na so a ɗauki wannan magana a matsayin lallashi. Akwai wata irin murna da mukan yi da basirar mutanenmu wadda takan rufe mana ido daga asarar da ta haifar da ita. Masaƙa guda takan ɗauki dubban ma'aikata, bayansu ga manoman auduga, ga direbobi, ga masu sayar da abinci a bakin ƙofa, ga masu gidajen haya. Tebur guda kafinta ɗaya yake riƙewa da yaransa biyu ko uku. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Idan ɗayansu ya wuce ta gaban rumfar nan ya gane bangon injin da ya yi ƙuruciyarsa a gabansa, ba ni da bakin da zan ce masa ya yi farin ciki. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, tsakanin a narka shi da a ci gaba da neman halak a kansa, na biyun ya fi kusa da mutunta gumin da aka zubar a jikinsa.

Maganar halak kuwa tana da nauyi a nan. Ba kowane ƙarfe da ya iso sikeli ne ya zo ta ƙofa ba. An sha kama masu kwance layin dogo, da masu cire murfin magudanun ruwa a manyan tituna, da masu shiga rufaffun ma'aikatu da dare. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar jari-bola saboda ɓarnar kayan gwamnati da kuma rayukan da ake rasawa a daji wajen neman ƙarfe. Mai sayen gangar jikin inji ya wajaba ya tambayi daga ina ta fito, wa ya sayar, da izinin wa. Ma'aikatar da ta rufe tana da masu ita, tana da masu binta bashi, cikinsu har da ma'aikatan da ba a biya ba. Wanda ya sayi kayanta ta bayan katanga daga haƙƙinsu ya ɗiba, ko da kuwa abin kirki ya yi da ƙarfen.

Sai kuma abin da ƙarfen yake shigowa da shi gida. Fentin tsofaffin injuna sau da yawa yana ɗauke da dalma. Idan aka sa injin guga aka kankare shi a tsakar gida, ƙurar takan sauka a ƙasa inda yara suke rarrafe, inda ake shanya hatsi. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Yawan da ke jikin fenti bai kai wancan ba, amma guba ɗaya ce, kuma jikin yaro ƙarami ba shi da adadin da za a ce ba ya cutar da shi. Idan za a cire tsohon fenti a yi shi nesa da gida, a jiƙa shi ana kankarewa don kada ya tashi, a rufe hanci, a tattara abin da ya zuba. Idan bai ɓare ba ma, a wanke maiƙon a shafa sabo a kansa ya fi sauƙi. Ganga ko tankin da ba a san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba kuwa, kada a sa masa wuta ko abin yanka.

Na tambayi dattijon me yake kiran abin nan da yake aiki a kai, inji ko tebur. Ya ce yaransa tebur suke cewa, maƙwabta kuma har yanzu "injin Baba" suke kiransa, shi duk wanda aka faɗa yana amsawa. Na lura dai idan zai aiki yaro ya ɗauko wani abu daga ƙarƙashi yakan ce a duba cikin inji, idan kuwa a sama ne ya ce yana kan tebur.

Abin da ake bukata don irin wannan ƙarfe ya tsira ba shi da yawa. Kafinta da mai walda da bakanike duk suna iya biyan fiye da kuɗin kilo a kan gangar jiki lafiyayya, don haka dillali ba zai yi asara ba idan ya jinkirta guduma. Matsalar ita ce masu bukata ba sa jin labari sai bayan an fasa. Ƙungiyoyin 'yan gwangwan suna da shugabanni, haka ƙungiyoyin kafintoci na Na'ibawa da Rijiyar Lemo da Panteka, kuma kusan kowa a cikinsu yana da waya a aljihu. Idan aka yi gwanjon wata ma'aikata, a ware ƙafafu da bangaye da shimfiɗaɗɗun fuskokin injuna a gefe na mako guda ko biyu, a ɗauki hotonsu a tura wa masu sana'a tare da awon tsayi da faɗi. Wanda ba a saya ba a cikin wa'adin sai a fasa shi a loda a tirela tare da sauran.